Alhaji, Kafet Ɗin Aro

Wannan ba tatsuniya ba ce, saboda haka kada wadda ta ce mini ta zo mu ji ta. Ku dai gyara zama, ku kife wayoyin nan.

Jiya ina kishingiɗe na ji ku kuna kallon wani saurayi a waya yana liƙa takardar bango. Kafin mutum ya gama atishawa ya gama ɗaki, har da kiɗa. Na ji wata cikinku ta ce ashe abin da Inna Kulu ta daɗe tana cika mana baki da shi ke nan, a shafa gam a manna. To, na ji. Ban tanka ba don bakina da goro. Yau na tofar.

Sunayen da za ku ji ba na masu su ba ne, na sauya su. A sana'ar jere hannu ke aiki, baki yana kulle. Wadda ba ta iya kulle bakinta ba, ko ta iya liƙa takarda a jikin hayaƙi ba za a sake kiranta gidan kowa ba.

Aikina na fari daɓe ne, a wani gida a Bungudu, ina budurwa, ina bin Hajiya Tumba mai jere da kwandon kayan aikinta a kai. A lokacin ba leda ba kafet. Ƙasa ce za a zuba, a baza tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, mata su durƙusa da madaɓi suna bugu suna waƙa har ƙasa ta yi santsi ta yi ja kamar hanta. Ranar nan na daki yatsana ya fi na daki ƙasa. Da na yi ƙara, Tumba ba ta ko waiwayo ba, ta ce in matsa gefe kada jini ya ɓata wa amarya ɗaki. Wannan ne darasin farko, kuma shi ne mai taushi cikinsu.

Tumba gajeruwa ce mai faɗi, tana da ido ɗaya mai kallon gabas alhali ita tana kallon ki. Idan ta shiga ɗaki ba ta taɓa komai sai ta tsaya ta shaƙi iska. Sai ta je ta manna kuncinta a bango, kusurwa kusurwa, kamar mai sauraren maganar maƙwabta. Ni ma da farko na ɗauka gulma take nema. Ashe sanyi take ji. Bangon da ke shan ruwa daga ƙasa yana da sanyin da bayan hannu ba ya kamawa sai kunci. Ta ce mini bango kamar miji yake, ranar biki kowanne ya sha fenti, sai damina ta sauka ake sanin mai tsatsa.

Daga daɓe muka shiga zamanin leda, daga leda aka shiga kafet, daga baya takardar bango ta iso. Maza ne ke sayar da su a shagunan Gusau, kuma akwai masu liƙawa cikinsu, amma gidajen da aka rubuta ba shiga a zaure ba su san wannan ba. Ƙato ba zai wuni a ɗakin amarya yana hawa tsani ba. Saboda haka aikin ya faɗo hannunmu, mu da ba mu taɓa riƙe tef ɗin awo ba. Ni har yau da igiya nake awo. In miƙa ta daga kusurwa zuwa kusurwa in ƙulla, in kai wa mai shago in ce ya yanko mini daidai ƙulli. Su yi ta dariya, su yanka.

Kayan aikina ga su can cikin tsohuwar fanteka, kuna ta zuba mini albasa a kai. Akwai almakashin Tumba, wanda ba a yanka komai da shi sai takarda, kuma na san wadda ta yanke farce da shi cikinku, Allah na nan. Akwai reza. Akwai zare da ɗan dutse a ɗaure a bakinsa, shi ke faɗa mini gaskiyar tsayuwar bango, don magini ba ya faɗa. Akwai allura ta huda kumburi idan iska ta maƙale a bayan takarda. Akwai guntun silifas na roba, wanda duk duniya ba abin da ya kai shi lallashin takarda ta kwanta. An taɓa kawo mini abin shafawa na kanti mai mariƙi. Na ba jikana ya yi mota da shi.

Takarda ta farko da muka liƙa a Tudun Wada ce, cikin Gusau, gidan wani ma'aikacin asibiti. Shuɗiya ce mai jajayen furanni. Muka wuni muna fama, ta naɗe mana a kai, ta manne mana a zane, har Tumba ta zage ta ta uwa ta uba. Da muka gama muka ja baya muna kallo, sai ga furanni duk sun sunkuyar da kai ƙasa, saiwa a sama. Matar gidan ta shigo ta karkata kai, ta tambaya ko haka abin yake. Tumba ta dube ta da idon nan nata, ta ce a ƙasar da aka yi takardar haka furanni ke tsirowa, saboda sanyi. Matar ta gamsu. Har maƙwabciyarta ta aiko a yi mata irin na sanyin.

Gam ɗin kanti bai wadata ba a lokacin, sai mu dama sitacin rogo kamar koko mu shafa. Yana kamawa, ba ƙarya. Abin da ba mu lissafa ba shi ne duk abin da ke da baki a gidan yana son rogo. A Kucheri muka yi wa wata amarya ɗaki, aka bar ƙofa a buɗe ana can ana rabon tuwo. Da aka dawo, akuyar uwar miji ta cinye bango iya inda wuyanta ya kai, ta zagaye ɗakin tsaf kamar da awo. Tumba ta sa aka jera kwalla da samira a ƙasa suka rufe ɓarnar, aka yi ta yaba yawan kwanonin amarya. A wani gidan kuma gara ce ta bi ta baya ta cinye sitacin ta bar fuskar takardar tsaye, ba wanda ya sani, sai ranar da mai gida ya jingina zai sa takalmi bango ya tuɓe ya rufe shi. Tun daga nan muke zuba maganin gara a cikin damun, daga baya gam na gari ya zo a fakiti muka huta.

Masu ba da aiki kuwa, Allah ya yi su iri iri. Na ga wanda ya gina ɗaki da bulo, ya shafe bulon da siminti, sannan ya sayo takarda mai hoton bulo ya ce in liƙa. Na liƙa. Na ga wadda ta sayi kafet mai laushi kamar bayan mage, ta sa na shimfiɗa, sannan ta sa na rufe shi da leda kada ya yi datti, sannan ta shimfiɗa tabarma kan ledar kada ta yage. Har ta mutu ba ƙafar da ta taɓa kafet ɗin nan, magada suka same shi sabo. Na ga wani ɗan kasuwa a Tsafe da ya zaɓi takarda mai hoton ruwa yana gangarowa daga dutse, bango guda cur. Tsohuwarsa ta ce ba za ta kwana a ɗakin da rafi ya ratsa ba, sanyi zai kama mata gwiwa. Aka yi lallashi aka gaji. Da na je cirewa na tarar ta jera bokitai a gindin bangon, wai ko da tsautsayi.

Duk wannan wasa ne. Yanzu zan gaya muku inda sana'ar take.

Kun san ranar ganin ɗaki. An kai amarya, an kwana, sai dangin ango mata su yi gayya su zo wai gaisuwa. Ba gaisuwa ke kawo su ba. Ido ne ke zuwa ya ƙirga abin da uwar amarya ta iya. Su ƙwanƙwasa sif su ji ko katako ne ko kwali, su danna katifa, su ɗaga labule. Abin da suka gani ranar nan shi za a riƙa auna yarinya da shi a gidan har ta yi furfura. To ba kowace uwa ke da abin cika ɗaki ba, kuma ba uwar da ke son a auna ɗiyarta a ga ba nauyi. Daga nan aro ya samo asali. A ari kwanoni, a ari labule, a ari kafet, a yi jere, baƙi su gani su watse, in ƙura ta lafa a maida wa masu shi a ce an kai ajiya. Kowa ya san ana yi. Abin da ba a yafewa shi ne a kama ki. Akwai wata a Bungudu da aka gane labulenta na aro ne, yau tana da jikoki, kuma jikokin nan in ka tambaye su gidan wa, sai su ce gidan Ta Aro. Ba su ma san sunan yankanta ba.

Tumba tana da kafet guda na wannan hidima. Wani mahajjaci ya ɗauko shi tun daga Makka a zamanin da ake barin mutum ya yi kaya kamar zai ƙaura, ya zo ya fi ƙarfin ɗakinsa, ya sayar mata. Ja ne mai duhu, da zanen ruwan zinari a gefe, mai kauri, in kika taka sai ƙafarki ta nutse ta manta hanyar gida. Tunda ya je Makka ya dawo, Tumba ta sa masa suna Alhaji. Da ƙarfinta ya ƙare ta bar mini shi tare da almakashi. Ina faɗa ba tare da tsoro ba, duk Zamfara ba namijin da ya kwana ɗakin amare kamar Alhaji, kuma ba a taɓa kai ƙararsa wajen alƙali ba.

Aiki da Alhaji yana da dokoki. Ba a yanka shi, ko ɗaki ya yi masa kaɗan. Sai dai a naɗe rarar ta ƙasa, a danne da sif da gado da kabad, a bi bakin da guntun silifas har ya kwanta kamar a nan aka haife shi. Wadda ta iya wannan naɗi ita ce mai jere, sauran masu shimfiɗa ne. Ba ya kwana gari ɗaya sau biyu a jere: in ya yi Gusau sai ya huta ya nufi Tsafe, in ya yi Tsafe sai Bungudu ko ƙauyukanta. Kafin in kai shi gida sai na bi dangin ango kaf a kaina, wa ya auri wa, wa ke zuwa bikin wa, kada idon da ya gan shi can ya same shi nan. Kuma ba a kunna turaren wuta a kansa.

Dokar ƙarshen nan a Tsafe aka karya ta. Akwai wata Luba, matar wani ma'aikacin gwamnati da aka sallama daga aiki ana saura kaɗan bikin ɗiyarsu. Mace ce mai jin kai, irin waɗanda ko yunwa suke ji sai sun saka tsinke a baki sun fito. Ta zo mini da rana tsaka, lulluɓe har ido, ta yi ta kewaye kewaye kafin ta furta. Na kai mata Alhaji. Ranar ganin ɗaki ta so ta burge, ta ɗauko kasko da garwashi da kanta za ta zagaya da turare, gefen mayafinta ya harɗe ta, garwashi ya zube. Kafin a kwashe ya ci wuri guda kusa da tsakiya, ƙuna mai yatsu uku, sak sawun kaza. Ta rufe da ƙafarta har baƙi suka tafi. Da na zo ɗauka ta riƙe hannuna tana rantsuwa za ta biya, na ce ta bar shi, Alhaji ya ga abin da ya fi wuta. Daga ranar nan kullum sawun kazar nan ƙarƙashin gado yake kwana. Duk jeren da zan yi, daga shi nake fara lissafi: inda sawu ya faɗa, nan gado zai zauna, sauran kaya su bi.

Shekaru suka wuce. 'Ya'yan Luba maza suka yi arziki, ta je Makka ita ma, ta dawo da haƙorin zinari da wata 'yar tocila a jaka. Ta zama ita ake gayyata ganin ɗaki in ana son a ci mutuncin amarya cikin ladabi. Da tocilar nan take leƙa ƙarƙashin gado da bayan sif, har aka daina ce mata Hajiya Luba sai Mai Tocila. In mun haɗu a taro sai ta gaishe ni sama sama kamar ta taɓa ganina a mota.

Sai muguwar shekara ta zo. Kun isa ku tuna ta, shekarar da daji ya ƙi shiguwa saboda 'yan bindiga, manoma suka bar gonakin nesa, hatsi ya bushe a tsaye ba mai zuwa yanka, shanu kuma aka kora na korawa. Biki ya ja baya. Wanda aka yi ma, a ɗaura aure a kai yarinya da akwati da tabarma, a ce jere sai hali ya yi. Ni da nake ƙin aiki saboda yawa, na koma bin gidaje ina yi wa tsohuwar leda faci, ina manna bakin takardar da ta ɗago. Gam ɗina ya daskare a fakiti. Alhaji kansa ya daɗe a naɗe a bayan ƙofa har ɓera ya fara yi masa kallon gado.

Cikin wannan hali wata Indo ta zo daga Furfuri. Manoma ne, gidan rufin asiri, ba su taɓa aron ko ludayi ba. Ta yi shekaru tana kiwon bijimi don kayan ɗakin ɗiyarta Ramatu, ɓarayin daji suka kore shi tare da garken ƙauye. Ramatu kuwa ta yi karatu, ta haɗu da wani Bashiru mai aiki a sakatariya, suna son juna, ɗan wani tsohon gida a cikin Gusau, irin gidajen da ko kazarsu ta san asalinta. Dangi sun haɗa gudummawa an sami gado da sif da takardar bango. Ƙasa ce ta rage tsirara. Indo ta zauna a bakin ƙofata ta kasa faɗa, tana ta murza bakin zane. Na ce mata ta daina wahalar da zanen, Alhaji yana nan kuma ba shi da tafiya.

Na bi dangin Bashiru a kaina kamar yadda na saba. Na tambayi Indo, na tambayi mai kitson unguwarsu, wadda ta fi kowa sanin wa ya haifi wa. Duk aka ce mutanen Gusau ne, sai wasu a Wonaka. Ba wanda ya tuna cewa uban Bashiru yana da ƙanwa da aka aurar Tsafe tun kafin a haifi masu ba ni labarin. Zumunta ta fi mota nisan zango.

Ɗakin da aka ba Ramatu tsohon gini ne na ƙasa da aka yi wa rigar siminti. Na manna kunci na ji bangon yamma yana da sanyi, na sa aka kankare aka sake shafe shi, muka jira ya bushe. Takardar fara ce mai ratsin ruwan toka da ɗan ƙyalli. Na saki zare da dutse, na ga bangon ya karkace kamar bakin mai tsegumi, na bi zare na ƙyale bango. Na haɗa ratsi da ratsi har ni kaina sai na lalubo da farce kafin in gane mahaɗa. Sannan aka shigo da Alhaji a naɗe cikin tsofaffin zannuwa, wai katifa ce. Ya fi ɗakin da kamu guda da rabi. Na naɗe rarar a ƙarƙashin sif, na juya shi har sawun kaza ya faɗa inda nake so, na sa aka ɗora gado a kai. Indo ta tsaya a bakin ƙofa ta cire takalmi, ta kasa shiga. Na ce ta shiga mana, ɗakin ɗiyarta ne.

Abin da ban sani ba, a bayan gadon nan akwai soket. Ni soket ba ya cikin lissafina, ban taso da shi ba. Ashe shi kaɗai ne mai aiki a ɗakin. Da safen ranar ganin ɗaki aka kawo wuta, ango ya ga wayarsa na shirin mutuwa, ya sa ƙarfinsa na ɗa namiji ya ja gado gefe, ya soka caji, ya yi wanka ya fice wajen abokai. Bai maida ba. Namiji bai taɓa maida abu inda ya same shi ba tun da aka halicci duniya. Ramatu tana lulluɓe a kan gado, ƙawaye sun cika ta da surutu, ba wadda ta kula.

Na iso bayan la'asar, don al'ada ce mai jere ta zauna kusa da ƙofa ranar, ko wani abu zai goce. Ina sa kai na hango shi. Sawun kaza a fili, tsakiyar ɗaki, yatsu uku, yana kallon ƙofa kamar shi ma gayyatarsa aka yi. Na buɗe baki zan ce a kama mini gado, sai guɗa ta tashi a tsakar gida. Sun iso. Indo tana bayana, ita ma ta gane shi, don na nuna mata tabon tun ranar shimfiɗa. Kafet sabo ba ya zuwa da tsohuwar ƙuna, wannan ko yaro ya sani.

Wadda ta fara sa ƙafa a ɗakin, da haƙorin zinari da jaka a hammata, Mai Tocila ce. Gwaggon ango.

Ta yi sallama ta tsaya. Ta fara da bango, ta bi shi da farce tana neman mahaɗa, ba ta samu ba, ta ce hm. Ta ƙwanƙwasa sif. Ta ja labule ta shinshina. Sauran mata sun cunkushe a bakin ƙofa suna jiran ta ba su hanya, don ba a shiga gabanta. Sai ta sunkuyar da kai ta dubi ƙasa. Na ga ƙafarta ta nutse cikin jan nan, na ga yatsun ƙafar sun motsa kamar suna gaisawa da wani. Idonta ya bi zanen zinarin gefe, ya dawo tsakiya, ya tsaya.

Ku fahimci inda muke. Ba sai ta tona kanta ba. Ya ishe ta ta ce ta taɓa ganin kafet ɗin nan a wani gida, ko ta nuna tabon da tocila ta yi shiru, sauran su ƙarasa. Ni kaɗai na san wa ya yi ƙunar, kuma ta san ba zan faɗa ba, don ranar da na faɗi na wata, ranar na gama sana'a. Ramatu za ta tashi da sabon suna, Indo ta koma Furfuri da shi. Ta ɗago ta dube ni. Na dube ta. Ban roƙe ta da ido ba, ban kuma yi mata barazana ba. Na dai dube ta kamar yadda na dube ta a Tsafe.

Sai ta taka, taki biyu, ta tattara zanenta, ta zauna daram a kan sawun kaza. Mace ce mai jiki, ta rufe shi har da rara.

Aka yi ta kawo mata kujera, ta ce gwiwarta ba ta son kujera yau. Aka ce ta hau bakin gado kusa da amarya, ta ce ita ba yarinya ba ce. Mata suka shigo suka zagaye ta suna ta kallon kaya, ita kuwa tana zaune tsakiyar ɗaki kamar an dasa ta, tana ba da umarni: wance ki duba kabad, wance ki ƙirga tukwane. Tocila ba ta fito daga jaka ba. Wata matashiya mai kaifin baki ta shafa kafet ɗin ta ce wannan ba irin na kasuwar Gusau ba ne, ko a ina mutanen Furfuri suka samo shi a wannan shekara? Mai Tocila ta juya a hankali, ba tare da ta ɗaga mazauninta ba.

“Ke kin taɓa fita Gusau? Irin wanga sai Makka. Ni da na je na sani.”

Kuma ba ta yi ƙarya ba.

Aka kawo abinci ta ci a nan. Aka kawo lemo ta ƙi sha, ni na san dalili. Baƙi rukuni na farko suka fita, na biyu suka shigo, tana nan. Rana ta yi sanyi, aka fara jin masu alwala a waje, sauran tsofaffi suka ce Hajiya a tashi a kama hanya. Ta ce su yi gaba, tana da nasihar da za ta yi wa amarya, kuma a ja ƙofa. Da ɗakin ya rage daga ita sai ni sai Indo sai Ramatu, ta miƙo hannu biyu ta ce mu ɗaga ta, ƙafafunta sun mutu tun rukunin farko. Muka ɗaga ta da ƙyar, ta dafa bango tana cije leɓe. Ta dubi ƙasa ta ce:

“Kulu, ashe Alhaji na nan da ransa.”

Na ce yana nan, yana gaishe ta.

Ta juya wajen Indo, wadda ta rasa inda za ta sa idonta, ta ce mata ta zo ta kama gado. Mu uku muka tura shi, mu tsofaffi, amarya na kai. Ta zare cajar Bashiru daga bango ta jefa a jakarta, ta ce in ya tambaya a ce gwaggonsa ta ɗauka, ya zo Tsafe ya karɓa in yana da ƙarfin hali.

Saura fitar da Alhaji, wanda a gida irin wannan ya fi shigar da shi wuya, don ido ya riga ya san shi. Ina ta tunanin dabara, sai ga saƙo wai in zo. Na tarar da Mai Tocila a tsakar gidan, gaban uwar ango da kowa, tana faɗa. Wai wane irin sakarci ne a bar kafet na Makka a ƙasa ana takawa da ƙafar miya, ga damina tafe, ga ɗaki mai sanyin bango. Ta ce a naɗe shi yanzu a ba mai jere ta kai ajiya inda ya dace, a shimfiɗa wa yarinya leda kamar kowa, in ta yi hankali a dawo mata da shi. Ledar ma ita ta zo da ita a bayan mota. Uwar ango har tana ba ta haƙuri.

Ramatu yanzu 'ya'yanta sun fara tsayi, kuma sunanta Ramatu. Lokaci lokaci wata tsohuwa a gidan takan tambaya ina jan kafet ɗin nan na Makka, a ce mata yana ajiya, yarinya ba ta gama hankali ba.

Nan labari ya tsaya, kan ɓera ya tsira don ba shi ya yi ɓarnar ba. Wadda ta ce shafa gam ne a manna, ta tashi ga Alhaji can bayan ƙofa. Ta ɗauko shi ta shimfiɗa mini a ɗakin nan, ban yarda da almakashi ba, kuma in na shigo kada in ga kaza.